Jan Zanen Inna a Dutsen Arfa

Har yau dogon ƙarfen nan yana tsaye a bayan ɗakin Inna, da 'yar ragar eriya a samansa ta karkace. Matata ta sha cewa in sauke shi ta samu abin shanya. Ban sauke ba, kuma ba zan sauke ba. Gara in riƙa fitowa kullum da safe ina ganin wautata a tsaye.

Sunana Muntari, manomin albasa a Aliero, kamar ubana Malam Dalhatu. A shekarar da albasa ta yi mana kirki na sayi talabijin na sa kebul, don a san ni ma na isa. Lokacin nan duk ƙasar Jega kebul na mutum ɗaya ne, wani baƙi wuluk da ake kira Bature, ban san wanda ya yi masa wannan sharrin ba. Manyan kwanduna uku ya kafa a bayan gidansa a Jega Magaji, suna kamo tashoshi daga sama, shi kuma ya harbo mana. Kai naka eriya ce da ɗan akwati a kan talabijin. In hoto ya fara yayyafi sai ka ba direban motar Jega saƙo, kafin la'asar ka ji ƙarar babur ɗin Bature a ƙofar gida. Ya hau, ya murɗa, ya sauko ya ci tuwo. Tashoshinsa bakwai ne, amma a gidanmu ɗaya aka sani, tashar Saudiyya.

Mahaifiyata, Inna Gudiya, ita ce ta fi kowa zagina da na sayi akwatin, kuma ita ce ta ƙwace shi. Ranar Arfa ta shekarar farko tun hantsi ta zauna gabansa har rana ta faɗi a can. Ita ce ta lura da abin da mu ba mu lura ba: duk inda mai ɗaukar hoto ya zagaya, sai ya dawo kan ɗan dutsen nan mai farin ginshiƙi a samansa.

"Wanga mutum ba ya da wurin zuwa sai dutsin ga," in ji ta.

Da shekara ta zagayo na biya musu kujerar Makka biyu, ita da Baba. An yi musu hoto, an yi allura, Inna har ta daka yajin tafiya. Bayan ƙaramar salla da mako uku ta faɗi a madafa, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Magana ta dawo, ƙafa ba ta dawo ba.

Baba ya ce ya fasa. Shekara arba'in da shida suna tare, bai taɓa nisan da ya wuce fataucin albasa na kwana biyar ba.

"Ba ni tahiya in bar ki kwance," in ji shi.

"Za ka tahi, Malam," in ji Inna. "In ka zamna, mu biyu munka rasa."

Ta sa na jawo mata tsohuwar adakarta daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa ta ciro wani zanen saƙa, ja mai ratsin fari, na cikin lefenta, wanda ni kaina ban taɓa ganin ta ɗaura ba. Ta miƙa wa Baba da hannun da ke motsi.

"Ranar Arhwa, in anka gama sallar azahar, ka hau dutsin nan wajen farin ginshiƙi. Ka ɗaure wanga ga lemarka, ka ɗaga sama. Ni ina nan gaban akwatin Muntari. In na ga zanena, to ni ma na je."

Baba ya yi dariya har da tari. "Mutum miliyan biyu hwa, Gudiya!"

"Miliyan biyu ba su da zanena."

Ya naɗe zanen ya sa a jakarsa, kusa da haraminsa. Ranar da muka raka shi Sakkwato, yana kan layin shiga jirgi ya juyo ya kira ni. Na ɗauka wasiyyar gona zai yi. Cewa ya yi, "Ka tabbata akwai mai cikin janareta."

Saura kwana tara Arfa, hoto ya ɗauke. Kwana biyu allo shuɗi fes. A rana ta uku hoto ya dawo da tashoshi har ashirin: ƙwallo, ƙwallo, wasu 'yan mata suna rawa da abin da ba za a kira shi tufa ba, wani mutum yana dafa kifi da Turanci. Na danna daga farko har ƙarshe sau uku. Babu Saudiyya.

Na ba direban Jega saƙo kamar kullum. Da yamma ya tsaya a ƙofar gida bai kashe mota ba, ya ce, "Bature ya sayar. 'Yan Ikko ad da wurin yanzu."

Washegari na bar ma'aikata suna cirar albasa na hau babur zuwa Jega. Shagon Bature, inda da kake shiga ka tsallake wayoyi ka zauna kan benci a ba ka ruwa, an shafe shi da fenti rawaya, an raba shi da gilashi. Bayan gilashin wata yarinya ce zaune, an rubuta Zubaida a ƙirjin rigarta. Na yi mata bayani tun daga faɗuwar Inna har zuwa zane. Ta saurara, ba zan yi mata ƙarya ba, har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta turo mini wata 'yar takarda ta ƙasan gilashi.

"Baba, mu nan karɓar kuɗi kawai muka yi. Ka kira wagga lamba."

"Ga ni ga ki, ɗiyata. In kira wa kuma?"

"Haka anka ce mu ce."

Shekarar ce wayar hannu ta shigo Jega. Na je bakin tasha wajen mai wayar kuɗi ya buga mini. Wata mata ta ɗauka tana Turanci, na gaishe ta har sau biyu kafin mai wayar ya ce na'ura ce. Ta ce in danna ɗaya. Na danna. Ta ce in danna uku. Na danna. Sai aka sa mini kiɗa. Na tsaya a rana, ni da furfurata, ina sauraron garayar Turawa. Can wani ya ɗauka daga Ikko. Da ɗan Turancin firamarena na ce masa daga Aliero nake, Jihar Kebbi. Ya ce babu Kebbi a na'urarsa. Shekara goma sha biyu da yanke mu daga Sakkwato, har mun yi gwamna mun sake, amma labari bai kai na'urarsa ba. Ya ce in riƙe, zai haɗa ni da wani. Kiɗan ya dawo, sannan layi ya yanke.

Daga nan gidan Bature na nufa da niyyar in ci masa mutunci. Na same shi a gindin dalbejiya yana gyaran wata tsohuwar rediyo. Inda kwandunansa suke da, sai ramuka uku da awaki. Da na ga yadda ya rame, zagin ya koma ciki.

"Kashin dankali na, Muntari," in ji shi. "Sun saye na Argungu, sun saye na Yawuri, sun saye na Gusau. Sunka ce ko in sayar, ko su kahwa nasu kusa da nawa su ba mutane wata ukku kyauta. Mi za ni yi?"

"To zo ka hau ka murɗa mani, awa da."

"Ba murɗawa ta ba. Sun cire tashar Saudiyya daga can. Kuma na sa hannu ga takarda, shekara biyar ba ni taɓa eriyar kowa." Ya ajiye sukurdireba. "Ka tahi Birnin Kabi, can babban ohis nasu yake. Amma kada ka aza duk kayanka bisa jakinsu."

Na ji maganar, ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

A Birnin Kebbi na yi layi tun hantsi har aka kira azahar. Duk wanda ke layin da irin kukansa: wani ya biya sau biyu, wani an ba shi katin wani, wani tsoho daga Kalgo ma bai san me ya sa aka ce ya zo ba. Manajan wani saurayi ne mai suna Mubarak, ɗan ƙasarmu, da laƙataye a wuya kamar an ɗaure akuya. Ya ce tashar Saudiyya tana nan, an mayar da ita babban tsari ne, sai an sayi sabon kati. Ni da nake cinikin buhun albasa har dillali ya yi zufa, ko tayi ban yi ba. Ya ba ni kati ya ce in sa a akwati, za a buɗe shi daga Ikko cikin kwana ɗaya.

Kwana ɗaya ya wuce, biyu, uku. Allo ya daina nuna ko ƙwallon ma, sai wani rubutu da ke cewa ba a buɗe kati ba. Ana gobe Arfa na koma. Wannan karon ban bi layi ba, kuma na faɗi maganganun da sai da na yi istigfari a hanya. Mubarak ya fito daga bayan teburinsa, ya dafa ƙirjinsa da hannun dama.

"Baba, na aika musu sau huɗu. Wallahi gobe kahin hantsi hoto na zuwa, in sha Allahu. Ka riƙe ni."

To, mu a kasuwar albasa, in mutum ya dafa ƙirji ya ce ka riƙe shi, magana ta ƙare. Da wannan kaɗai muke loda tirela ta tafi kudu babu takarda babu shaida. Bature ma haka yake yi. Ban tsaya na yi tunanin cewa wannan yaron ba shi da abin da zai riƙe ba. Ƙirjin nasa ne, amma maɓallin yana hannun wani mutum a Ikko wanda bai san akwai Kebbi ba. Na hau babur na dawo gida da zuciya fara tas.

Da la'asar sai ga Jibrin. Jibrin ɗan ƙanwar Baba ne, taubashina, ma'aikaci a sakatariyar Maiyama. Tun muna yara ban taɓa yi masa magana mai daɗi ba, shi ma bai taɓa yi mini ba, haka al'adar take. Ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne nasa. Ranar aurensa na ce amaryar ta yi asara, ranar sunan ɗana ya ce yaron ya yi sa'a bai ɗauko hancina ba. Yana da wani ƙaton kwando na ragar waya a tsakar gidansa, mai kamo Saudiyya kai tsaye ba kati ba manaja, wanda na shekara ina kira matankaɗin gari.

Ya gaishe da Inna a ɗaki, ya fito ya same ni a zaure.

"Bawa, an ce shuɗi kuka kallo gidanga, awa marina."

"Gobe da hantsi za ka ji labari."

"Ka kawo Inna Maiyama, kai. Matankaɗina ba ya da ohis, Allah kaɗai ka ba shi. In aro motar ma'aikata, in shimhiɗa katihwa baya, ta tahi kwance awa sarauniya."

"Allah shi sawwaƙe uwata ta tahi kallon aro gidan bawa."

Ya yi dariya, na yi dariya. Ya tada babur ɗinsa ya ce, "In girman kai ya sake ka, ka san hanya."

Na sha juya wannan zancen a raina. Jibrin da gaske yake, amma ba shi da wani harshe da zai yi mini magana da shi sai na wasa, ni kuma ban iya amsa masa da wani ba. Da wani baƙo ne ya yi mini tayin nan, wallahi da na karɓa har da godiya.

Da na shiga ɗaki Inna ta ce, "Mi Jibrin ka cewa?"

"Shirme nai na, Inna."

"Hoton dai zai zo?"

"Zai zo. Manaja ya dahwa ƙirji."

"To," in ji ta.

Ranar Arfa Inna ta tashi da azumi. Ta sa matata ta yi mata wanka, ta sa mata kwalli, ta ɗaura mata atamfar da aka ɗinka don tafiya Makka. Na ce, "Inna, wannan kwalliya haka, shi hwa ba ya ganin ki." Ta ce, "Ni na san ina ganin shi." Muka ɗauke ta muka jingina ta da matasai gaban talabijin. Matan unguwa suka cika ɗaki da tabarmi, don labarin zane ya zagaya Aliero. Na tada janareta tun rana ba ta yi zafi ba. Rubutun nan yana nan inda yake.

Makka ta riga mu da awa biyu, azaharsu hantsinmu ce. Ƙarfe takwas na cire kati na goge da bakin riga na mayar. Ƙarfe tara na hau bayan ɗaki na murɗa ƙarfen, ko da na san ba nan matsalar take ba. Inna ba ta ce mini uffan ba, tana jan carbi tana kallon rubutun kamar za ta iya karanta shi. Wannan shirun ne ya kore ni daga gidan.

A Jega na tarar da ofis a kulle, an liƙa takarda: an tafi hutun salla. Na buga ƙofar gilashin har mai shagon kusa ya fito ya riƙe ni. Na koma wajen mai waya. Danna ɗaya, danna uku, kiɗa. Na riƙe wayar ina kallon inuwata tana gajarta, har mai wayar da kansa ya ce, "Baba, ka bari haka nan, yau babu mai ɗauka." Agogonsa ya nuna sha ɗaya da rabi. A can an riga an sallame.

A nan girman kai ya sake ni. Na juya babur zuwa Maiyama, ban san yadda na kai ba.

Abin da na fara gani a ƙofar gidan Jibrin shi ne motar ma'aikata, a-kori-kura fara. A bayanta an shimfiɗa katifa, an sa matashi biyu, an ɗaura zani a kan ƙarafa don inuwa. Jibrin yana zaune a kan dakali da makulli a hannu. Bai kira ni bawa ba.

"Tun jiya take nan," in ji shi. "Mu tahi."

Ya buɗe ƙofar mota ke nan sai muka ji ihu daga cikin gida. Matarsa ce take kira, "Ga Kawu! Wallahi ga Kawu!"

Na faɗa cikin gidan da takalmi. Falo cike da mutane, kowa ya miƙe yana nuna talabijin. Ga dutsen, fari fat da mutane, ga ginshiƙin. Daga gefensa na dama, wata baƙar lema ta fi sauran tsawo, jan zane mai ratsin fari yana kaɗawa a kanta. Mai hoton kamar an aiko shi, ya jawo wurin kusa. Na ga Baba. Kansa babu hula, kafaɗarsa ɗaya a waje, ya kama lemar da hannu biyu ya miƙa ta sama iya ƙarfinsa. Bakinsa yana motsi. Yana waige-waige, bai san ta ina ake ɗaukarsa ba. Bai fi numfashi biyar ba, hoto ya koma kan wasu mutane suna kuka.

Falo ya ɗauki kabbara. Ni kuwa na durƙusa a tsakiyar mutane na yi kukan da ban yi ba tun ina yaro. Ni na gan shi, ni da ba a yi wa alkawari ba.

Jibrin ya ɗaga ni ya ce mai hoton zai dawo, kullum yana dawowa. Muka kama hanya. Daga Maiyama zuwa Jega, daga Jega zuwa Aliero, ga motocin raguna sun cika titi saboda jajibirin salla. Muka ɗauko Inna a kan katifa, na zauna a baya na riƙe kanta kada ramuka su wahalar da ita. Na gaya mata a hanya cewa na ga Baba da zanen. Ta ce, "Ya rame?" Na ce a'a. Ta ce, "Zanen bai yage ba?" Na ce bai yage ba. Ta rufe ido tana murmushi, ta ce Jibrin ya ƙara wuta.

Ƙarfe uku saura muka shigar da ita falon Jibrin. Aka ba ta wuri a gaba. Mai hoton ya dawo kan dutsen, ya sake dawowa, na ƙirga har sau goma sha ɗaya. Duk dawowa sai Inna ta ɗago kai daga matashi, ta ce a matsa mata kusa. Akwai lemomi farare, akwai koraye, akwai tutocin ƙasashe. Jan zane babu. Ta kalla har rana ta yi ja a can, har mutane suka fara gangarowa, har dutsen ya koma dutse. Mu a nan ko la'asar ba ta yi sanyi ba.

Inna ta goge kwallin da ya zubo mata da gefen mayafi, ta kira ni da hannu.

"In ya dawo, kada ka hwaɗa mai. Ni za ni san abin da za ni ce."

Hoto ya zo gidanmu rana ta huɗu bayan salla, muna cin suya. Akwatin ya yi ƙara, rubutu ya fito yana yi mana barka da shiga babban tsari. Tashoshi talatin, har da Saudiyya, ana nuna masu ɗawafi. Inna ta ce a kashe, mai yana ƙonewa a banza.

Bayan kwana takwas jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ya yi sallama a zaure, shi da limaminmu. Da na ga su biyu tare na san ba gaisuwar salla ba ce. Zazzaɓi da ciwon ƙirji suka kama Baba tun a Mina, ya kammala aikinsa a kan keken guragu, ya cika a asibitin Makka. An yi masa salla a Harami, an binne shi a can. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Malam Dalhatu ya yi sa'a, irin mutuwar da ake roƙo ce. Gaskiya ne, na sani, ina amsawa da amin. Amma ni abin da ke cin raina daban ne, kuma ba mai yi mini gaisuwarsa.

Na koma Birnin Kebbi sau ɗaya bayan sadakar bakwai, ban ma san me na je nema ba. An ce an mayar da Mubarak wani gari. Wanda ke kujerarsa ya duba na'ura ya ce katina yana aiki lafiya, ya tambaye ni ko akwai wata matsala. Wa zan kama? Na ajiye masa katin a kan tebur na fito.

Da jiragen alhazai suka fara dawowa, wani dattijo daga Gumbin Kure, Alhaji Kalilu, ya zo da jakar Baba. Tantinsu ɗaya a Mina, ɗakinsu ɗaya a Makka. Ya ce yana da saƙo ga mai ɗakin marigayi, baki da baki. Inna tana takaba, sai aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu, ni ina tsugune a gefe. Ya buɗe jakar ya ciro zanen, rana ta ɗan cinye jansa, ya miƙa ta ƙasan labule. Na ga hannun Inna ya fito ya ja shi ciki.

"Hajiya," in ji shi, don haka ya kira ta, "ni ban taɓa ganin taurin kai irin na mijinki ba. Tun da anka sallame azahar ya hau dutsin nan. Mun ce ya sauko rana ta yi yawa, ya ƙiya. Lema na hannu nai amma ba ya shan inuwarta, ya ɗaga ta sama. In hannu ya gaji in karɓa mai, ya ce a'a, ba ni anka aika ba. Sai wajen la'asar da ƙahwa ta kasa munka sauko da shi."

Wajen la'asar ɗinsu. Na lissafa a raina ba da so na ba. Lokacin muna kan hanyar Jega a bayan motar raguna.

"A asibiti, ranar da zai cika, ya kama hannuna ya ce in na koma gida in zo Aliero in tambai mai abu guda." Alhaji Kalilu ya gyara zama ya fuskanci labule. "Ya ce in tambayi Gudiya, shin ta gan shi?"

Na sunkuyar da kai. Na roƙi Allah a zuciyata ta ce e, ta yi ƙaryar da ta shirya yi wa Baba, ko ta faɗi gaskiya ta zage ni gaban baƙo in samu sauƙi. A bayan labule ba a jin komai sai ƙarar carbi, sannan shi ma ya tsaya.

"Muntari ya gane mani shi," in ji Inna. "Ya ce bai rame ba."